Likita ya ce a sha ruwa: barkwancin fuska a ɗaure a wani tsohon fim na Laurel da Hardy

A shekarar 1934 kamfanin shirya finafinai na Hal Roach da ke Kalifoniya a Amurka ya fitar da wani gajeren fim mai suna Them Thar Hills. Tsawonsa kamar minti 20 ne, baƙi da fari, kuma Charley Rogers ne ya ba da umarni. Taurarinsa su ne mutum biyun nan da ko wanda bai san sunansu ba ya san hotonsu: wani siriri mai sosa ƙeya, da wani ƙato mai ɗan gashin baki, kowanne da hular bature a ka. Sirirn shi ne Stan Laurel, ƙaton kuma Oliver Hardy, wanda a cikin finafinan ake ce masa Ollie.

Labarin ya soma ne da tsoro. Ollie na zaune da ƙafa a naɗe da bandeji, likita ya duba shi ya ce ciwon ya yi tsanani, dole a sauya rayuwa tun wuri. Daga nan har ƙarshen fim ɗin babu wanda ya faɗi magana da niyyar ya ba wani dariya. Kowa da gaske yake yi, kowa yana ganin yana kan daidai. Mai kallo ne kaɗai ya san ramin da suka nufa. Wannan salon nake so mu duba yau, domin ina ganin akwai abin da yake nuna mana game da yadda muke sauraren likita, da yadda muke zuwa dubiya.

Su wane ne mutanen?

An haifi Stan Laurel a garin Ulverston da ke Ingila a 1890, sunansa na yanka Arthur Stanley Jefferson. Ya shiga Amurka tare da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Fred Karno, inda shi ne yake tsayawa a madadin Charlie Chaplin idan ta kama. Shi kuwa Oliver Hardy ɗan jihar Jojiya ne, an haife shi a 1892. A 1927 ne aka haɗa su sosai a matsayin abokan wasa a kamfanin Hal Roach, suka fito tare a finafinai fiye da 100. Fim ɗinsu The Music Box na 1932, wanda suke ta fama da hawar da fiyano kan doguwar matattakala, ya ci kyautar Oscar.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, wanda yake fitowa a matsayin wawan shi ne ƙwaƙwalwar aikin. Laurel ne yake zama a tsara barkwancin, shi ne yake shiga ɗakin tace hoto bayan an gama ɗauka, ya auna tsawon shirun da za a bari domin 'yan kallo su gama dariya kafin magana ta gaba ta zo. Hardy kuwa da an tashi aiki sai filin wasan golf. Saboda haka duk shirun da ka gani a fim ɗinsu, da gangan aka bar shi.

Cutar sarakuna a jikin talaka

Ciwon da ke damun Ollie wani nau'in ciwon gaɓoɓi ne da likitoci ke kira gawut. Yana faruwa ne idan wani sinadari mai suna yurik ya taru a jini fiye da kima, ya daskare a gaɓa kamar ƙananan allurai, musamman a babban ɗan yatsan ƙafa. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, har mayafi ma idan ya taɓa sai mutum ya yi ƙara. Yawan cin jan nama da kayan ciki irin su hanta da ƙoda na iya tayar da shi, haka ma lemukan kwalba masu yawan sukari, uwa uba giya. Shi ya sa Turawa tun da can suke masa laƙabi da cutar sarakuna, wato ciwon masu ci su ƙoshi su bar saura.

Likitan, wanda Billy Gilbert ya fito a matsayinsa, ya ce jin daɗi ne ya yi wa Ollie yawa. To a Turanci, salon maganar da ake bayyana rayuwar holewa da shi yana ɗauke da kalmar da ke nufin tsawo ko sama. Stan ya saurara da kyau, ya yi ɗan tunani, sannan cikin natsuwa ya ba da shawarar cewa tunda haka ne gara su koma zama a ɗakin ƙarƙashin ƙasa.

Ni malamin Turanci ne, kuma nakan nuna wa ɗalibaina wannan wurin idan muka zo darasin salon magana. Duk inda wani ya faɗi ko aka kwaɗa masa abu a ka, ajin yakan ɓarke da dariya nan take. Amma maganar ɗakin ƙasa sai ta wuce shiru. Hanyar da na ga ta fi shiga ita ce in mayar musu da ita Hausa. Nakan ce, ku ɗauka likita ya ce wa mutum, "Malam, cin duniya da tsinke ne ya jawo maka wannan." Sai abokinsa ya gyara zama ya ce, "To likita, daga yau sai ya riƙa ci da cokali." A nan ne dariyar takan zo, kuma takan daɗe fiye da ta faɗuwa. Har bayan an tashi sai ka ji suna maimaita wa juna.

Ka lura, Stan bai yi murmushi ba, bai jira a yaba masa ba. A ganinsa ya kawo mafita ce mai ma'ana. Da ya yashe haƙora bayan ya faɗa, da maganar ta mutu a wurin.

Akwai kuma wani gatse da ba a furta ba. Fim ɗin ya fito ne a tsakiyar karayar tattalin arzikin da ta sa a 1933 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba su da aikin yi. Stan da Ollie a yawancin finafinansu 'yan rabbana ka wadata mu ne. A wannan fim ɗin ma, da lokacin abinci ya yi, abin da Ollie ya tsara shi ne wake da kofi, Stan kuma ya yaba masa da cewa lallai ya iya tsara abinci. Mai cin wake da kofi ne aka ce jin daɗi ya yi masa yawa. 'Yan kallon wancan zamanin ba sai an fassara musu ba.

Rijiyar da ke bakin bukka

Maganin da likita ya rubuta mai sauƙi ne: a bar birni, a tafi kan duwatsu a sha iska, a sha ruwa da yawa. Kuma shawara ce ta gaskiya, domin har yau ana gaya wa mai wannan ciwon ya yawaita shan ruwa. Sai suka ɗauki hayar wani ɗan ɗaki mai taya da ake ja da mota, suka kama hanya.

Kafin su isa, an riga an nuna wa mai kallo abin da su ba su gani ba. Daga 1920 zuwa ƙarshen 1933 an haramta sayar da giya a Amurka, abin da ya sa masu dafa ta a ɓoye suka cika ƙauyuka da tsaunuka. Ko bayan ɗage dokar, masu dafawa ba izini sun ci gaba da wasan ɓuya da hukuma. A fim ɗin, jami'ai sun kai wa irin waɗannan mutane samame a wata bukka, su kuma don su ɓatar da shaida suka juye gangunansu a cikin rijiya. Bayan an tafi da su, sai ga bayin Allah sun iso, suka ga wuri shiru, ga rijiya, suka ce nan ya yi.

Aka ɗebo ruwa. Kalarsa ba ta yi kama da ta ruwa ba, ɗanɗanonsa ma haka. Stan, wanda kowa ya ɗauka wawa ne, shi ya fara nuna shakka. Ollie kuwa, wanda kullum yake ganin ya fi abokinsa ilimi, ya ɗanɗana, ya yi bayani irin na masana: sinadarin ƙarfe ne a ciki, haka ruwan dutse yake, ai shi ya sa likita ya ce a sha da yawa. Suka yi ta sha, suka dafa kofi da shi.

Wannan ita ce zuciyar fim ɗin. Majinyaci ya bi umarnin likita sau da ƙafa, ya yi doguwar tafiya, ya kashe kuɗi, ya je ya zauna yana kwankwaɗar ainihin abin da ke tayar da ciwonsa, yana kuma yaba ingancinsa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Babu wanda ya fito a fim ɗin ya faɗi haka. An bar wa mai kallo ya haɗa da kansa.

Ni abin da ya fi ba ni dariya shi ne bayanin Ollie. Bai yi ƙarya ba, ya yarda da abin da ya faɗa. Hancinsa ya gaya masa gaskiya, harshensa ya gaya masa, abokinsa ma ya yi tambaya, amma da yake yana da kalma ɗaya mai kama da ta ilimi, sai ta rufe bakin kowa. Wa bai san irin wannan mutumin ba? Shi ne wanda zai sha wani jiƙo a kwalbar da ba takarda, kansa ya fara juyawa, ya ce, "Ai maganin ne ke aiki." A nan Ghana kowa ya san yadda ake tallar kwalabe masu ɗaci da sunan maganin gargajiya, alhali wasunsu giya ce aka jiƙa saiwoyi a ciki. Akwai mutanen kirki da ba za su taɓa kusantar mashaya ba, amma idan aka ce na basir ne ko na ciwon baya, sai su sha ba tambaya. Duba jikin kwalba a ga abin da ke ciki, da lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, ba ya cin minti ɗaya. Ollie bai duba rijiya ba, ga yadda ta kaya.

Ramuwa cikin ladabi

Ana cikin haka sai ga wani mutum da matarsa, man motarsu ya ƙare. Charlie Hall da Mae Busch ne suka fito a matsayinsu. Mijin ya karɓi mai ya koma wajen motar, matar ta tsaya jira, ta ce tana jin ƙishi. Aka ba ta ruwan dutse. Kafin mijin ya dawo, su ukun sun yi tatul suna ta waƙa.

Faɗan da ya biyo baya shi ne salon da aka fi sanin Laurel da Hardy da shi. Ba a kokawa, ba a ihu. Mutum zai tsaya cak, ya zuba ido, abokin faɗansa ya ɗauko abu a tsanake ya shafa masa ko ya zuba masa. Sai ya dubi ɓarnar da aka yi masa, ya numfasa, sannan shi ma ya nemo nasa abin. Kowa yana jiran layinsa kamar masu karɓar albashi. Wanda ake yi wa ba ya kaucewa, wanda yake yi ba ya gaggawa. Rashin gaggawar nan ita ce abin dariyar: manyan mutane suna lalata juna bisa tsari da ladabi.

A ƙarshe Hall ya zuba wa wandon Ollie kananzir ya kunna ashana. Stan, mai son taimako kullum, ya ba da shawara mafi hankali a duniya: faɗa rijiya, ai akwai ruwa. Ollie ya yi tsalle ya faɗa. Abin da ke cikin rijiyar ya haɗu da wuta, ta yi bindiga, ta cillo shi sama. Wanda ya fito neman lafiyar ƙafa ɗaya ya koma da jiki duka a jigace.

Fim ɗin ya karɓu har a 1935 aka yi masa ci gaba mai suna Tit for Tat, inda suka sake haɗuwa da Hall da matarsa a matsayin maƙwabtan shago. Shi ne kaɗai ci gaban labari kai tsaye da suka taɓa yi, kuma ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa don takarar Oscar.

Ƙwai da gyaɗa a gadon asibiti

Wannan ba shi ne karon farko da suka yi wasa da rashin lafiya ba. A They Go Boom na 1929 mura ce ta kama Ollie cikin dare, Stan ya yi ta haɗa masa magungunan gida har ɗakin ya tarwatse. Amma wanda ya fi kusa da rayuwarmu shi ne County Hospital na 1932, wanda James Parrott ya ba da umarni.

A can Ollie na kwance a asibiti da karayar ƙafa, an rataye ta sama da igiya da wani ƙarfe mai nauyi. Hankalinsa kwance, yana hutawa. Sai ga Stan ya zo dubiya, ya kuma gaya masa gaskiya tsirara: ba shi da abin yi ne, shi ya sa ya ce bari ya leƙo. Tsarabar da ya kawo dafaffen ƙwai ne da 'ya'yan itace masu ƙwanso irin na gyaɗar Turawa. Ollie ya ce ai ya san ba ya cin su, me ya hana ya kawo alewa? Stan ya amsa cewa alewa ta yi tsada, kuma ta wancan karon ma ba a biya shi kuɗinta ba. Daga nan ya zauna, ya ɓare ƙwan, ya fito da gishiri daga aljihu, ya cinye a gaban majinyaci a hankali. Hardy ya juyo ya kalli kyamara, wato ya kalle mu, da idon da ke cewa ku shaida abin da nake fama da shi. Wannan kallon na Hardy ya fi magana dubu, kuma shi ne ya mayar da mai kallo abokin sirrinsa.

Sauran sai a hankali. Stan ya ɗauki ƙarfen da ke riƙe da ƙafar don ya fasa ƙwanso, igiya ta ja, likita ya tsinci kansa yana lilo a wajen taga, Ollie kuma a rataye ta ƙafa. Aka kore su daga asibitin.

Wanda duk ya taɓa kwanciya a asibiti a cikin jama'armu ya san ɗan dubiya irin Stan. Akwai mai zuwa da kwanon abincin da likita ya hana, ya ce ɗan kaɗan ba ya komai. Akwai mai zama ya lissafa maka mutum uku da irin wannan ciwon ya kashe. Akwai masu cika ɗaki su yi hirar ƙwallo, su shanye lemun da aka kawo wa majinyaci. Duk cikinsu babu mugu, da zuciya ɗaya suka zo. Fim ɗin bai zagi Stan ba, mu ma ba ma jin haushinsa. Ya dai nuna cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ba idan mai ita bai tsaya ya ga halin da majinyacin yake ciki ba.

Salon ba baƙo ba ne a wurinmu

Yawancin barkwancin da muke kallo a waya yanzu na hayaniya ne: shigar ban dariya, tsalle, ihu, da dariyar da aka liƙa a bayan hoto don a gaya maka inda za ka dara. Yana da masoyansa. Amma barkwancin fuska a ɗaure ya daɗe a cikinmu kafin fim. Ka dubi wasan taubasai, ko na jika da kaka, ko na Fulani da Barebari, ko wanda muke gani a nan tsakanin Frafra da Dagaaba. Taubashi zai shigo wurin marar lafiya, ya tsaya a bakin ƙofa ba fara'a, ya ce, "Au, ashe kana nan? Ni da na zo ɗaukar takalman." Majinyacin da ya kwana yana tunanin mutuwa sai ka ga ya yi murmushi ya ce, "Sai na binne ka tukuna." An ambaci abin da kowa ke tsoro, an rage masa nauyi, ba tare da an raina ciwon ba.

Bambancin taubashi da Stan shi ne taubashi ya san abin da yake yi. Stan na cikin fim bai sani ba, amma Stan Laurel da ya tsara shi ya sani sarai. Dukansu sun gane cewa mai jin tsoro ba ya son a yi masa dariya. Abin da ke sauƙaƙa masa shi ne a faɗi magana a natse, a bar shi ya gano abin dariyar da kansa.

Su kansu mutanen biyu ciwo bai bar su ba. Hardy ya rage ƙiba mai yawa cikin ɗan lokaci, sannan shanyewar jiki ta kama shi a watan Satumba na 1956, ya rasa magana, ya rasu a watan Agusta na 1957. Laurel bai ƙara fitowa a fim ba bayan rasuwar abokinsa, duk da tayin da aka yi ta yi masa. An ba shi Oscar ta girmamawa a 1961, ya rasu a Santa Monica a watan Fabrairu na 1965. Ana ba da labarin cewa dab da rasuwarsa ya ce wa ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi da ma a ce yanzu yana wasan zamiya a kan ƙanƙara. Ta ce ba ta san ya iya ba. Ya ce bai iya ba, amma dai ya fi wannan da yake ciki.

Finafinan nan suna nan a intanet, yawancinsu kamar minti 20 ne, kuma ko mai ƙaramin Turanci zai bi labarin. Wanda zai kalla, ya bar faɗuwa da fashewa su wuce, ya sa ido a kan fuskar Ollie lokacin da yake bayanin ruwan rijiya. Lafiya uwar jiki ce. Idan likita ya ce a sha ruwa, a sha, amma a leƙa rijiyar tukuna.